Askar jika 328 da askar jika 80: ina bambancin yake?

Kamfanonin ƙera aska na Turai suna da wata al'ada. Duk bayan wani lokaci sai su fito da aska ta musamman, su ce guda 100 ko 250 kaɗai aka ƙera a duniya, kowace an buga mata lambarta a jiki, in sun ƙare shi ke nan. Ina nufin askar nan mai naɗewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin mariƙi, ba injin aski ba, ba kuma reza ba. Hotunanta sun cika wayoyi yanzu, kuma ƴan kasuwar Maraɗi masu zuwa Dubai da Istanbul da Faransa suna ganinta ido da ido a cikin akwatin gilashi, ruwan zinariya yana ɗaukar ido, mariƙin na ƙaho ne ko na wani icen da ba mu taɓa jin sunansa ba. Duk mai son abu mai kyau ransa zai biya. Ni ma ina cikin masu son aska, shi ya sa nake so a yi lissafin nan tsakani da Allah kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Kuɗin irin wannan aska yakan kai wajen yuro 400, wasu har su haura 1,000. Yuro da sefa a ɗaure suke, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka askar yuro 500 ta kama kusan jika 328 (jika ɗaya sefa 1,000 ke nan) tun ba ta hau jirgi ba, tun duwan bai karɓi nasa ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun daga farkon 2024, ke nan kuɗin askar ya kusa albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. Kamfanin da ya ƙera ta kuma yana da askarsa ta kullum, marar kwalliya, wadda ake samu tsakanin yuro 100 da 150, wato jika 66 zuwa 98. Ragowar jika 230 ɗin nan ko fiye, me suka sayo maka?

A fuska da kai, kusan babu. Wannan shi ne ra'ayina, amma ba na so a ɗauke shi haka kawai, don akwai wuraren da tsadar take da hujja.

Abu huɗu ne ke sa aska ta yi aski: irin ƙarfen, yadda aka ba shi wuta aka kashe shi, yadda aka fafe gefunan ruwan, sai kuma washin ƙarshe. Ƙarfen askar kirki yana ɗauke da sinadarin kabon wajen kashi 1 cikin 100 ko sama da haka kaɗan. Thiers-Issard na Faransa, wanda ke aiki tun 1884 a garin Thiers, yana amfani da wani ƙarfe da ya sa wa suna C135, mai kabon kashi 1.35. Dovo na garin Solingen a Jamus, da aka kafa a 1906, da maƙwabcinsa Böker, su ma kowa da irin nasa. Ana dafa ƙarfen har wajen digiri 800, a tsoma shi ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi tauri irin na kwalba. Askar da aka yi wa haka yadda ya kamata takan tsaya a wajen 60 a ma'aunin tauri na Rockwell. Daga nan sai fafewa: ma'aikaci ya riƙe ruwan da hannu tsakanin duwatsu biyu masu juyawa, suna cin gefunan har bakin ya yi siriri ƙwarai, bayan kuma ya zauna da kaurinsa. Wannan aikin shi ne mai wuya, shi ne ake shekaru ana koyo, kuma masu iya shi a duniya yau ba su da yawa.

To ga abin da mai saye ya kamata ya sani. A mafi yawan lokuta, askar mai lamba da askar kullum na kamfani ɗaya daga ƙarfe ɗaya suke fitowa, murhu ɗaya, hannun mai fafewa ɗaya. Ba a gina wa aska 250 sabon murhu. Abin da ake canzawa shi ne zanen da ake ci a jikin ruwan, da ruwan zinariya, da sassaƙar bayan aska, da mariƙi, da akwati, da takardar shaida. Kana iya tabbatar da haka da kanka: buɗe bayanin askar mai lamba, duba sunan ƙarfen da faɗin ruwan da irin fafewar, sannan ka nemi askar kullum ta wannan kamfani mai irin waɗannan ukun. In ka same ta, kuma sau da yawa za ka samu, bambancin kuɗin duka na ado ne. Kamar dokin hawan salla ne: kayan da aka ɗora masa na iya fin shi kansa tsada, mutane su tsaya kallo, amma gudunsa na nan yadda yake.

Ado ba laifi ba ne, kuma ba na cikin masu raina shi. Mu da muke biyan kuɗin aikin hannu a wuyan babbar riga mun san darajar abin da mutum ya zauna ya yi da haƙuri. Sassaƙar bayan aska da magagari aikin hannu ne na gaske, haka goge ƙaho har ya yi santsi. Damuwata ita ce yadda wannan ado yake ƙarewa in ya zo garinmu kuma aka sa shi aiki.

Ɗauki ruwan zinariya. Shafe ne mai matuƙar siriri. Tsatsa ta ɗan taɓa ruwan askar, ka sa man goge ƙarfe, zinariyar ta tafi tare da tsatsar, kuma ba mai mayar maka da ita. Wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar da batun zinariya ga namiji, gara ya tambayi malaminsa kafin ya biya. Sai mariƙi. Ƙaho da ice suna shan laima suna fitarwa. A Solingen ko Thiers iskar shekara ba ta da irin tsallen da tamu ke yi. Nan kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai har leɓe ya tsage, Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, sannan damina ta shigo, a watan Agusta ko gishiri jiƙewa yake yi a kwano. Ƙahon da ke bin wannan zagaye yana iya lanƙwashewa, in ya lanƙwashe kuma bakin askar zai riƙa bugun gefen mariƙi duk lokacin da ka rufe ta, kaifin ya tafi. Ice yana iya tsagewa a wajen ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta. Mariƙin roba mai tauri na askar jika 80 ba ruwansa da duk wannan. Abin da ka biya da tsada shi ne abin da yanayinmu ya fi saurin taɓawa.

Wasu masu lamba ana yi musu mariƙi da hauren wata tsohuwar giwa mai gashi da ta ƙare a duniya, wanda ake tonowa daga ƙanƙarar Siberiya. Cinikinsa halal ne a ƙasashe da yawa, amma cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1989, kuma ba kowane jami'in duwan ne zai iya bambance su da ido ba. Ka ga ka sayo wa kanka tsayuwa a filin jirgi.

Akwai kuma masu ruwa mai zanen igiyar ruwa, wanda ake kira ƙarfen Dimashƙa. Ana haɗa ƙarfe iri biyu a ninka su sau da yawa, sannan a jiƙa da asid zanen ya fito. Kyau kam ba magana. Sai dai a can bakin, inda gashi ke haɗuwa da ƙarfe, an goge zanen tas, abin da ke yanka ƙarfe ne kawai, kuma bai fi ƙarfe guda mai kyau yanka ba. Na gaskiya daga hannun gwani yana daga cikin mafi tsada. Na jabu kuma ya cika intanet a kan kuɗi kaɗan, mai zane a jiki, ba ya riƙe kaifi ko na aski ɗaya. Haka sunan Solingen ɗin kansa: doka ce a Jamus ta kare shi tun 1938, ba a buga shi sai a kan abin da aka ƙera a can, amma masu kwaikwayo a wasu ƙasashe ba su san da wannan doka ba. Duk askar da ka gani an rubuta mata Solingen ana sayar da ita jika 5, ka bar ta inda ka gan ta.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi duk abin da na faɗa a baya nauyi: wa zai wasa maka ita?

Askar nan ba a wasa ta kamar wuƙar mahauci. Ana kwantar da ita ne shame-shame a kan dutse, baya da baki duka suna taɓa shi, kaurin bayan shi ke ba bakin kusurwarsa, wajen digiri 16 zuwa 17. Duwatsun washi suna da lamba, gwargwadon girman lambar gwargwadon laushin dutsen. Ana farawa da dutse mai lamba 1,000 don a kafa bakin, a wuce 4,000, a wuce 8,000, masu son santsi su ƙare da 12,000 ko da wani dutse mai launin rawaya da ake haƙowa a yankin Ardennes na Beljiyam. Dutsen wasa wuƙa da ake samu a kasuwa ya yi wa wannan aiki kaushi nesa ba kusa ba. Mai injin washi kuwa, in ka miƙa masa ita, cikin ɗan lokaci zafi zai kashe taurin bakin, kuma abin da wuta ta ɓata ba dutsen da zai gyara. A Turai da Amurka mai aska yakan sa ta a ambulan ya aika wa gwanin washi, ta dawo bayan mako. Daga Maraɗi, aika aska Turai da dawo da ita kasada ce da kuɗin da ba su dace da aikin ba. Saura hanya ɗaya: ka koya da kanka.

Mai koyo kuwa dole hannunsa ya yi nauyi a farko. Yakan danna gefe ɗaya fiye da ɗaya, ya cinye bayan askar, ya bar mata faffaɗan tabo mai sheƙi inda dutse ya ci. A askar kullum wannan tabo ba komai ba ne, alamar aiki ce. A askar da aka sassaƙa wa baya aka shafa masa zinariya, kowane ja a kan dutse yana goge abin da ka biya. Akwai dabarar liƙa salatif a bayan don kare shi, tana aiki, amma tana ɗan canza kusurwa kuma dole ka riƙa yin hakan kowane washi. Abin da ke faruwa a ƙarshe sananne ne: mutum ya ji tsoron taɓa ta, ta dakushe, ya mayar da ita akwati, ya koma shagon aski. Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, aska sabuwa fil daga kamfani, mai tsada ko mai sauƙi, sau da yawa ba ta zuwa da kaifin da ya isa aski mai daɗi. Tana bukatar a ƙarasa mata washi. Lambar da ke jikinta ba ta raba ta da wannan.

Bayan dutse akwai fata. Kafin kowane aski ana jan askar a kan fata, baya yana gaba, sau 30 zuwa 60, don a miƙar da bakin da gashi ya ɗan lanƙwasa. Dutse sai bayan watanni, fata kullum. A nan mu ƴan Maraɗi muna da abin da wasu ba su da shi. Garin fata ne, jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta, majema da dukawa suna nan. Fatar akuya ta yi siriri a rataye ta a ja, amma in aka liƙa ta a kan katako mai laushin fuska tana aiki. Ƙirgin sa da aka jeme da bagaruwa, aka zaɓi wuri marar tabo, aka yanka faɗin yatsa uku zuwa huɗu, ya isa. Baduku zai yi maka shi a kan kuɗin da ba za ka ji ba, kuma in ka yanke shi wajen koyo, wanda kusan kowa yana yi, sai ka sake wani. Abin kula kawai shi ne ƙura. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ta zauna a kan fata ka ja aska a kai, ka kankare bakin da hannunka. A ajiye fatar cikin jaka, a shafe ta da tafin hannu kafin a fara.

Masu sayarwa suna da wata hujja, wai askar mai lamba jari ce, darajarta hawa take yi. Duba askakan da masu tarawa ke rububi a kansu yau: Wade & Butcher na Sheffield a Ingila, Filarmónica na Spain, Heljestrand na garin Eskilstuna a Suwidin. Waɗannan ba ƴan ƙidaya ba ne. Dubbai aka ƙera don masu aski na unguwa, suka yi suna saboda askinsu, aka daina ƙera su, sai suka yi tsada. Ƙarancin da lokaci ya kawo daban, ƙarancin da kamfani ya tsara a ofis daban, don kamfanin da ya fitar da 250 bana yana iya fitar da wasu 250 baɗi da wani zane. Kuma ko da darajar ta hau, sai in ba a taɓa aski da ita ba, akwati da takarda suna nan cif. Sannan wa za ka sayar wa? Masu sayen suna Turai da Amurka da Japan. A babbar kasuwar Maraɗi, ko ka tsallaka Jibiya ka kai ta Katsina ko Kano, wanda zai ba ka jika 300 a kan aska sai an tona. Wanda ke neman inda zai ajiye kuɗi ya san hanyar kasuwar dabbobi da rumbun wake.

Ga wanzami da mai shagon aski maganar ta fi sauƙi, kuma a nan ba na sassautawa. Askar da za ta taɓa kan mutum fiye da ɗaya ba ta dace da sana'a a yau ba, ko ta jika ɗaya ce ko ta miliyan. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum miliyan 65 ne ke ɗauke da ita a yankin Afirka. Ga nau'in C, ga ƙanjamau. Aski kuwa ba ya rasa ƴar yanka ko da ido bai gani ba. Shafa alkol da auduga ba ya ba da tabbaci, ruwan jabel yana cin ƙarfe, tafasawa tana lalata mariƙi. Mafita ita ce aska mai cin reza: siffarta ta askar naɗewa ce, amma bakinta rabin reza ne da ake ɓarewa a gaban mai aski, a jefar bayan an gama. Kwalin reza 100 ya ba ka kai 200. Wanzamanmu da yawa sun riga sun koma wannan, musamman wajen askin suna, kuma sun yi daidai. Zabira ba ta rage daraja don an sa mata reza. Uban da za a yi wa jaririnsa aski ranar suna yana da haƙƙin ya ce, cikin ladabi, "Baba, ga sabuwar reza na kawo," kuma wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Mai sana'ar da ke son ya kashe kuɗi a kan abu mai kyau, akwai ta kamfanin Feather na Japan mai rezarta ta musamman, sai dai ya tabbata zai riƙa samun rezar, don ba kowane kanti ke da ita ba.

Ko ga mai aski a gida, mai cin reza abokiyar takara ce ta gaske. Ba dutse, ba fata, ba tsatsa. Aibinta shi ne ba ta da nauyi kuma bakinta ba ya yafiya, ƙaramar karkata sai jini. Askar gaske da aka wasa da kyau ta fi ta taushi a fata, wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin askar jika 80 ta cancanci kuɗinta.

Mu duba kuma me muke askewa. Da yawanmu gemu muke ajiyewa. Aikin aska a wurinmu shi ne gyaran layin kumatu, ƙarƙashin wuya, gefen gashin baki, sai kai ga mai son tal-kwabo. Ana auna faɗin ruwan aska da kashi takwas na inci: 5/8 wajen milimita 16 ne, 6/8 wajen 19, 8/8 ya haura 25. Masu lamba sukan zo da faɗi, 7/8 ko 8/8, saboda faffaɗan ruwa ya fi ba mai zane fili. Amma wajen bin gefen gemu da ƙarƙashin hanci, 5/8 ko 6/8 sun fi juyuwa a hannu. Sau da yawa kuma masu lamba suna da tsini mai kusurwa don ya fi kyan gani, alhali mai aske kansa da kansa, yana lalube a bayan kunne, mai zagayayyen kai yake bukata. Gashinmu mai tauri ne mai murɗewa, kuma da yawa daga masu irin wannan gashi sun fi jin daɗin ruwan da ba a fafe shi har ƙarshe ba, don ba ya rawa in ya haɗu da gashi mai yawa. A askar kullum kai ke zaɓen faɗi da kai da fafewa. A mai lamba, abin da suka ƙera shi za ka ɗauka.

Batun ƙurajen aski ma, waɗanda ke fitowa in gashi ya murɗe ya koma cikin fata, baki ɗaya ya fi reza mai baki uku ko biyar sauƙi, don ba ya jan gashi ya yanke shi ƙasa da fata. Amma wannan amfanin kowace aska mai baki ɗaya tana ba da shi, kuma kowace tana iya jawo ƙurajen in aka bi gashi ta baya ana neman santsin ƙarshe. Ruwan ɗumi, kumfa mai kyau, bin gashi yadda ya kwanta, alif bayan an gama, ɗan man kaɗanya. Maganin ke nan, kuɗin askar ba ya ciki.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a nemi mafi araha. Araha ba ta ado, a wannan fanni ma ba ta aski. Akwai ƴan China irin su Gold Dollar, ƙarfensu ba laifi amma sukan zo a karkace, sai an yi musu gyara sosai. Amfaninsu shi ne ka koyi washi a kansu ba tare da fargaba ba. Askar maƙeranmu kuwa, wadda ta yi wa kakanninmu aiki shekaru aru-aru, tana da saurin ɗaukar kaifi da saurin sakinsa, kuma da yake da ido ake auna wutarta, wata ta fi wata. A hannun wanzamin da ya saba da ita tana abin mamaki, a hannun ɗan koyo a gaban madubi labari ne daban. Tsohuwar askar Turai da aka gyara ita ma hanya ce mai kyau, wani lokaci ƙarfenta ya fi na sabuwa, amma sai a hannun wanda ka yarda da shi, don tsaga a baki ko cin tsatsa ba sa fitowa a hoto. In mariƙinta na tsohuwar robar nan ce da ke ruɓewa tana fitar da wari mai tsami, tururin yana cinye ruwan askar, zafinmu kuma yana hanzarta hakan.

Akwai inda tsada ke da hujja. In askar ba ta kamfani ba ce, ta maƙeri ɗaya ce wanda ya ƙera ruwan tun daga sandar ƙarfe, ya fafe shi yadda ka nema, ya wasa ta ya gwada kafin ya aiko, to kuɗin aikinsa kake biya, kuma ƙarancinta ya zo ne daga cewa hannu biyu gare shi. Haka in ka riga ka iya washi, kana da askar da kake aiki da ita, kuma kana son ta biyu don kyanta kawai, da kuɗin da ba na cefane ko na makarantar yara ba. Ko kuwa kyauta ce ga uba ko ubangida wanda ka san zai daraja ta. A waɗannan halaye ba wanda zai ce ka yi wauta, muddin ka san ado ka saya.

In jika 328 ɗin suna hannunka kuma aski kake so, ga yadda ni zan raba su. Askar kullum ta Dovo ko Böker ko Thiers-Issard, 5/8 ko 6/8, mai zagayayyen kai da mariƙin roba, wajen jika 80 zuwa 100. In kana da mantuwa wajen goge kaya, ɗauki ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ta ɗan fi wuyar washi amma damina ba ta ba ta tsoro. Duwatsu, na 1,000 da mai fuska biyu 4,000 da 8,000, za su ci kusan kuɗin askar kanta, kuma za su yi maka shekaru masu yawa. Ƴar China guda don koyo. Fata daga wurin baduku. Kwalbar man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a ruwan askar bayan ka goge ta ta bushe, musamman wajen ƙusa inda ruwa ke maƙalewa, kuma kada ta kwana a banɗaki. Duk da haka sai ka ga canji ya rage.

Wanda za ka aika ya sayo maka, ka roƙe shi abu uku. Ya tambayi mai kantin ko za su wasa ta su gwada kafin su naɗe, don wasu kantunan suna yi kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Ya buɗe ta ya rufe a gabansu, ya ga ruwan yana shiga tsakiyar mariƙi ba ya gogar gefe. Sannan ya sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, don ba a barin irin wannan aska a jakar hannu, a bakin shiga jirgi za a karɓe ta.